Shekarar da Na Naɗe Kujerar Sallah

Akwai labarin da kuke bayarwa a gidan nan duk ranar da aka haɗu cin tuwon Sallah: wai Babanku ya fita gudu da sassafe ya tashi hankalin Unguwar Dosa kaf, kunya ta sa daga ranar ya jefar da takalmin gudun ya koma ɗaga ƙarfe. Jikokina ma sun haddace shi, har da inda hulata ta faɗa kwata. Ina jin ku ina dariya, don rabinsa gaskiya ne, hular ma ta faɗa. Amma rabin da kuke bari shi ne nawa, kuma ba na so in bar duniya kuna zaton kunya ce ta zaɓar mini hanya. Tun da na fara ciniki ban taɓa ɗaukar kaya ko ajiye su don kunyar wani ba. Ga yadda abin ya faru, daga bakin mai shi.

Kun tashi kun same ni a zaune a shagon siminti da rodi a Kawo, kuna zaton haka aka haife ni, da tumbi da carbi. Ba haka ba ne. Da na baro ƙauyenmu na ƙasar Kano na sauka a tashar Kawo, dako na fara. Buhun masara, buhun siminti, bandir ɗin kwano, duk abin da mota ta sauke wuyana ya san nauyinsa. Da Allah ya buɗa na kama rumfa, rumfa ta zama shago, shago ya haifi sito, sai na yi wa kaina alkawarin da na ɗauka na arziki ne: ba zan sake ɗaukar abin da ya fi makulli nauyi ba. Na kuwa cika shi. Shekara kusan talatin mota ke ɗauka ta daga ƙofar gida ta ajiye ni a ƙofar shago. Shayi mai kauri da safe, malmala uku da rana, tsire da yamma. Duk wanda ya kwana biyu bai gan ni ba sai ya ce Alhaji ya yi kyau, hutu ya karɓe shi. Ni ma na yarda.

Wata Juma'a jikin ya faɗa mini gaskiya. A masallacin unguwarmu ina da wuri a sahun gaba, bayan liman ta dama kaɗan, inda na shekara ashirin ina tsayawa. Muka yi sujada ta biyu a raka'ar farko, liman ya yi kabbara, sahu ya miƙe gaba ɗaya, ni kuwa na dafa ƙasa na ce wa gwiwoyina mu tafi, suka ƙi. Na sake. Na ji kamar an ɗora mini buhu biyu a baya an kuma zare ƙashin cinyoyina. Liman ya shiga Fatiha ina nan dafe da ƙasa kamar mai neman allura, ina kallon ƙafafun mutane dama da hagu. A zaune na ƙarasa sallar. Da aka sallame mutum biyu suka kama ni ta hammata suka ɗaga, ɗayansu birkila ne da ke sayen siminti a wurina, yana ta cewa sannu Alhaji, yi a hankali Alhaji. Ba zafin gwiwar ne ya dame ni ba. Wannan sannun ce.

Kafin wata Juma'ar, Nasiru, babbanku, ya sayo mini kujera mai naɗewa, mai kyau, da katifa a mazauninta. Liman ya same ni har gida ya ce addini ya yi sauƙi, wanda bai iya ba ya zauna, ladansa cikakke. Gaskiya ya faɗa, kuma kada wani cikinku ya karanta wannan ya raina mai sallah a kujera. Akwai waɗanda ciwo ko tsufa ya zaunar, Allah ya ba su lafiya. Amma ni na san nawa ciwon. Ba saukar mini ya yi ba, ni na tara shi da hannuna, loma-loma. Mai kujera kuma ba ya tsayawa bayan liman, ƙarshen sahu ake kai shi, jikin bango, kusa da inda ake jera takalma. A nan na yi wata bakwai. Jama'a su sa goshi a ƙasa, ni in ɗan sunkuyar da kai ina kallon tumbina. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, ba sabon shago ba: in sa goshina a ƙasa in miƙe da ƙafafuna, ba mai kama ni.

Likita ya duba hoton gwiwar ya ce ta ci aiki amma ba ta ƙare ba. In rage nauyi, in motsa jiki. Bai ce wane irin motsi ba, wannan kuwa shi ya raba mini gida biyu. Nasiru ma'aikacin ofis ne, duk Asabar yana fita gudu da abokansa, ya kuma tabbata babu cutar da gumi ba ya fitarwa. Rukayya, ƙanwarsa, a sashen gashin ƙashi take aiki a asibiti, kullum tana tare da masu koyon tafiya bayan karaya. Wata Lahadi suka haɗu a falona, Hajiya mahaifiyarku tana zuba abinci.

"Baba, matsalarka ɗaya ce, ƙiba," in ji Nasiru. "Ka fara gudu, wata uku tumbin nan zai zube, gwiwa ta huta."

"Yaya, kafin ya zube a kan me zai riƙa sauka?" Rukayya ta ce. "Duk taku ɗaya gwiwa ce za ta karɓi nauyin. Cinyar Baba ba ƙarfi. Ƙarfe zai ɗaga."

"Ƙarfe? Baba ɗan dambe ne?"

"Kai kuma so kake a gan shi a titi kamar wanda ya yi sata."

Hajiya ta ajiye ludayi. "Ku ci abinci. Mutumin da in na ce ya miƙo mini bokiti sai ya kira mai gadi, shi kuke wa faɗan gudu da ƙarfe."

Ni dai ina cin tuwona ina sauraro, kamar yadda nake yi in dillalai biyu suka kawo mini siminti kowa yana rantsuwa nasa ya fi. Ba na musu da dillali. Samfur nake karɓa daga kowa, in ba birkilan da na yarda da shi ya buga bulo, mu jira ya bushe, mu sake shi ƙasa mu ga wanda zai fashe. Na ce musu haka za a yi. Kowa zan ba shi kwana arba'in, babba zai fara. Gwajin kuma ɗaya ne, ba sikeli ba, ba madubi ba: ranar arba'in zan shimfiɗa darduma in yi sujada in ga ko zan tashi.

Nasiru ya kawo takalmin kambas fari tas da wani wando mai kama jiki. Takalmin na karɓa. Wandon na ɗaga na duba na mayar masa a leda; ba zan ratsa layin da surukaina suke zaune da wannan ba. Washegari bayan sallar asuba, gari ya fara haske, na fito daga masallaci da jallabiya da hula, na ba ladan ajiyar kujera, na tattare jallabiyar da hannu ɗaya, na sa gudu.

Abin da ban yi tunani ba, ni da na shekara arba'in a garin nan, shi ne Kaduna ce. Wanda ya daɗe a Kaduna ya ga ranakun da ba ya son tunawa, ya kuma koyi abu ɗaya: in ka ga dattijo mai furfura yana gudu da jallabiya, ba ka tsayawa tambaya. Saurayi da gajeren wando, wannan motsa jiki ne. Alhaji mai siminti, wanda ba a taɓa ganin ya yi ko sauri ba, wannan wani abu ne ya biyo shi. Mai shayin bakin layi ne ya fara ganina, ya bar tukunya a wuta ya shige lungu. Mai ƙosai ta sauke kasko a gigice, mai ya malale. Wani ɗan acaɓa da ya shigo layin ya juya da fasinjansa. Na ji ana buga ƙofofi, mata na kiran 'ya'yansu da suna. Sai ga mutane suna wuce ni a guje, wani ba takalmi, wani da buta a hannu. Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: da na ga haka ni ma na tsorata. Na ce lalle wani abu ya ɓarke a bayana. Na ƙara wuta. A nan hular ta faɗa kwata.

A mahaɗar titi numfashina ya ƙare, na rungume falwaya. Mutane suka tsaya kewaye da ni suna haki, suna waige.

"Alhaji, ta ina suka shigo?" wani ya tambaya.

"Su wa?" na ce.

"Waɗanda suka biyo ka."

Na kalli layin da muka baro. Ba kowa sai akuya tana lasar ƙullun ƙosai.

"Motsa jiki nake yi," na ce.

Tsohon nan mai buta ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan farin takalmin. "To Alhaji, Allah ya ba da lafiya. Gobe in za ka fito ka aiko mana tun da wuri."

A nan labarinku yake ƙarewa. Nawa bai ƙare ba. Na je da kaina na ba mai ƙosai haƙuri, na aika mata da jarkar mai. Na roƙi liman ya yi sanarwa bayan azahar, ya kuwa yi yana danne dariya: jama'a, daga yau wanda ya ga Alhaji Sabo yana gudu da safe, lafiya lau ce, likita ne ya sa shi. Washegari na sake fita, da jibi ma. Damina ce, sai Nasiru ya kawo injin gudu ya kafa a falo don ranar da ake ruwa. Na cika arba'in ɗina ban tsallake ko ɗaya ba, kuma in zan yi wa kayan Nasiru adalci, sun yi aiki: na daina haki a matakalar sito, barci ya yi daɗi, mazagin wandona ya ƙara tsawo. Amma gwiwar dama ta kumbura kamar gwanda, kullum da yamma Hajiya na gasa mini ita da ruwan zafi. Ranar arba'in na kulle ɗaki, na shimfiɗa darduma, na sauka da ƙyar, na sa goshi a ƙasa. Na daɗe a nan. Sannan na ce mu tashi. Sai da na ja jiki zuwa bakin gado na dafa shi da hannu biyu. Bulon ya fashe.

Ban fara arba'in ɗin Rukayya nan take ba. Raina ya ɓaci, na fara tunanin ko kujerar nan ce rabona. A makon ne na je Rafin Guza wurin Tanimu mai walda, a kan wani get da nake so ya yi wa sito. Tanimu Bazazzagi ne, tare muka yi dako a tasha, ya girme ni da shekara biyu, kuma shi kaɗai ya rage a garin nan da ke kirana Sabo ba Alhaji. Wasan Kanawa da Zazzagawa bai taɓa barin mu mun gaisa kamar mutanen kirki ba. Na same shi a tsugune yana liƙa ƙarfen wani get, na zauna a benci ina jira. Ya fi rabin awa a haka. Da ya gama ya ture gilashin fuskarsa, ya kama fallen get ɗin da hannu biyu, ya miƙe da shi tsaye, ya jingina a bango. Bai dafa komai ba. Ko nishi bai yi ba.

"Bakano, an ce ka kori unguwa," ya ce. "Wa ka cuta a awo ya biyo ka?"

"Tanimu, sake tsugunawa ka tashi in gani."

"Ni biri ne?" Amma ya yi, sau biyu, yana dariya.

"Kana gudu ne?"

"Gudun me? Ni ban ci na kowa ba. Kai dai ka manta ne, Sabo. Kujeran shagonka ita ta cinye maka ƙafa. Da muna tasha wa ya fi ka tashi da buhu? Ƙafa a buɗe, baya a miƙe, cinya ta yi aikin."

A hanyar komawa Kawo na yi ta jujjuya abin. Kullum sai wani ya shigo shagona ya ce, Alhaji, wane rodi ya fi, mai kauri ko siriri? Ban taɓa amsa wannan tambayar ba. Tambaya nake mayar masa: me za ka gina? Mai katanga daban, mai bene daban. Ni kuma na zauna ina sauraron 'ya'yana suna gardamar wanne ya fi, ban tambayi kaina abin da nake tambayar kowane baƙo ba. Me zan gina? Ba tseren Kaduna zuwa Zariya zan shiga ba. So nake in ɗaga buhu biyu daga ƙasa zuwa tsaye, sau da yawa a yini, kuma buhunan ni ne. Wanda zai yi wannan, tashi da nauyi zai koya. A nan na yanke shawara, a cikin mota, a cunkoson gadar Kawo, kafin in taɓa ƙarfe ko ɗaya. Ku riƙe wannan: ba ranar hula ba ce, mako bakwai bayanta ne.

Rukayya ta ba ni mamaki, don ba da ƙarfe ta fara ba. Kujerar sallar ta sa a tsakar gida ta ce in zauna in tashi, hannu a ƙirji, sau goma. A na shida cinyoyina suka kama rawa. Ta ce haka za mu yi, kwana uku a mako, ranar da goma ta zama wasa sai mu sauka ƙasa kaɗan. Haka na bi kujerun gidan nan ɗaya bayan ɗaya. Daga kujerar sallah zuwa bencin mai gadi. Daga benci zuwa turmi a kife. Daga turmi zuwa kujera 'yar tsugunno ta Hajiya, wadda take zama a kai in tana tuƙa tuwo. Ranar da ta fito ta same ni a kanta sai da ta riƙe ciki.

"Alhaji, tunda ka karɓe kujerar, ga muciya."

Na ce ta jira in cika goma.

Ƙarfen kuwa Tanimu ne ya haɗa. Na ba shi guntun bututu da siminti daga shagona, ya zuba a gwangwanayen fenti, ƙanana da manya. A bayan shagonsa akwai fili inda direbobi da leburori ke ɗaga irin waɗannan da safe kafin su tafi aiki, ya ce a nan zan riƙa zuwa, don a gida ba mai faɗa mini gaskiya. Na je. Alhaji Sabo da singileti, tsakanin mutanen da wasunsu ke sauke masa kaya, yana nishi da gwangwani mafi ƙanƙanta a wurin. Labari ya riga ni isa Kawo. Wasu suka ce taɓin hankali ne, wasu suka ce kasuwa ce ta karye zan koma dako. Wani ɗan kwangila ya zo shago yana ta leƙen sito, wai gaisuwa ya zo. Na bar shi ya leƙa. A mako na biyar kuma girman kai ya kusa ɓata komai. Mota na sauke kaya, mutane na kallo, na ji ƙarfi ya fara zuwa, sai na sunkuya na ciccibi buhun siminti guda, da baya, yadda Tanimu ya hana. Kwana biyar na yi a kwance. Tanimu ya zo dubiya da ayaba, ya zauna ya cinye rabi. Rukayya ta mayar da ni benci, ta taɓa abincin ma, malmala uku ta koma ɗaya da rabi. Ƙarfe bai ba ni wahala kamar wannan rabin ba.

Amma abin da ya fi yi mini ciwo a shekarar ba bayana ba ne. Nasiru ne. Da arba'in ɗin Rukayya ta cika ban iya tashi daga sujada ba tukuna, ina kan turmi, amma na ce zan ci gaba da nata. Ya zo ya tsaya a ƙofar falo, bai zauna ba.

"Baba, ka ce gwaji ɗaya ne. Nawa bai ci ba ka ajiye. Nata bai ci ba ka riƙe."

"Da naka gwiwa na kumbura. Da nata ina sauka ƙasa. Na ga inda kayan suka dosa."

"To ai shi ke nan. Da ma ba sai an wahalar da ni ba."

Yana da gaskiya a kan ƙa'idar, ni na kafa ta ni na karya ta, kuma a gaban ƙanwarsa. Da na iya magana da na ce masa numfashin da nake ɗaga ƙarfen da shi nasa ne. Amma ni mutum ne da ya iya ciniki bai iya lallashi ba, sai na bar shi ya tafi. Ya daina zuwa ranar Asabar. In ya bugo waya, gaisuwa biyu ya kashe. Wata huɗu a haka. Hajiya, wadda ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne, takan ce mini, "Ɗan naka fa shiru." In ce aiki ne ya yi masa yawa. Sai ta hau injin da ya bari a falo, da hijabinta, tana tafiya a hankali tana jan carbi, wai tunda ni na ƙi kayan ita za ta ci amfaninsu. Har yau ita ke hawa, kuma ta fi ni saurin tafiya.

A cikin azumi abin ya fara yi yana ƙi. In kulle ɗaki in gwada, yau in tashi, gobe sai na dafa gado. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma daina zama a kujera a masallaci ba. Ba na tallar kaya sai na tabbata suna sito. Ranar jajiberin Sallah na yi goma a jere.

Da safe Nasiru ya zo kai ni filin idi kamar kowace shekara, don fushinsa bai kai ya bar wannan ba. Ya sa kujera a bayan mota. A fili ya ɗauko ta ya nufi gefe, inda masu kujeru ke jeruwa. Ni na miƙe tsakiyar sahu.

"Baba, can ne."

"A nan zan yi. Bar ta a naɗe."

Ya kalle ni, ya kalli taron da ke kewaye da mu. Na san abin da yake gani: waccan Juma'ar, amma yau a gaban rabin Kaduna. Ya rage murya.

"In ta ƙi fa?"

"In ta ƙi kai za ka ɗaga ni. Shi ya sa nake so ka tsaya a damana, ba wani birkila ba."

Darduma ɗaya ya zo da ita, tasa, tunda ni mai kujera ne. Ya shimfiɗa mana ita a karkace, ta ishi gwiwoyinmu kawai. Ya tsaya kafaɗarsa na taɓa tawa. Liman ya yi kabbarori, aka yi karatu, aka yi ruku'u, aka sauka. Goshina ya taɓa ƙasa, ƙasa ta gaske, mai tsakuwa da sanyin safiya. Har yau ban san abin da na roƙa ba. Aka yi sujada ta biyu, kabbarar tashi ta zo ta lasifika, na ji hannun Nasiru ya matso kusa da hammatata ya tsaya, bai taɓa ba. Ƙafa a buɗe, baya a miƙe. Na tura ƙasa, cinyoyin nan suka amsa kamar a tasha shekara arba'in baya. Na miƙe. Ba bayan sahu ba, tare da shi.

Da aka gama huɗuba Nasiru ya daɗe yana gyara hularsa yana kallon wani wuri. Sannan ya ce:

"Amma Baba, ko haki ba ka yi ba."

"Wannan naka ne," na ce. "Ƙafar ta Rukayya ce, numfashin naka. Na daɗe ina so in faɗa maka."

Ya sunkuya ya ɗauki kujerar ya rataya a kafaɗa. "Wannan fa?"

"Shago za ka kai ta."

Tana can har yau. Duk wanda ya zo ya ce wane rodi ya fi, a kanta nake zaunar da shi in tambaye shi me zai gina. Na koma wurina bayan liman ta dama kaɗan. Ina zuwa wurin Tanimu sau biyu a mako, na kai gwangwani na uku, yana cewa don Bakano ba laifi. Ranar Asabar ni da Nasiru muna takawa daga gida zuwa Kawo, tafiya ce ba gudu ba, unguwa ta sha wahalata isasshe. In wani cikinku ya kai shekaruna ya tsaya tsakanin takalmi da ƙarfe, kada ya tambayi wanne ya fi. Ya tambayi kansa abin da yake so ya iya yi wanda yau ba ya iyawa, ya ɗauki kayan da za su gina masa shi, ya kuma ba wanda ya ƙi kayansa haƙuri da wuri, ba bayan wata huɗu ba.

Ku ci gaba da ba da labarin hular, ban hana ba. Amma ku ƙara wannan a ƙarshensa. Da muka dawo daga idi ranar nan, Hajiya ta tare mu a ƙofar falo, Rukayya na bayanta da faranti. Ta dube ni ta kama gefen mayafinta.

"Alhaji, tsaya, ƙasa ce a goshinka."

Hannunta ya kai rabin hanya ya tsaya. Ta kalli goshin, ta kalli kujerar a naɗe a kafaɗar ɗanta. Rukayya ta ajiye farantin a hankali.

"Bar ta," na ce.

Da ita na ci tuwon Sallah.